Ledar Maganin Alhaji: Abin da Ma'aikacin Jinya ke Dubawa Kafin Ya Miƙa Ƙwaya

Asibitocin Makka da Madina, da kuma waɗanda ake buɗewa a Mina da Arfa a kwanakin aikin Hajji, suna karɓar wani irin majinyaci da ba kasafai sauran asibitocin duniya ke gani da yawa haka ba, wato mutumin da ya zo babu kati, babu tarihin jinya a rubuce, kuma sau da yawa babu harshen da zai haɗa shi da mai duba shi. Hausawa na cikin waɗanda wannan hali ya fi shafa, ko alhazan da ke sauka a masaukan Misfala ne, ko mazauna da suka daɗe a Shara Mansur da unguwannin Jidda. Da yawa daga cikinsu manya ne masu fama da hawan jini ko ciwon suga, kuma kusan kowa yana riƙe da ledar magungunan da ya taho da ita daga gida. Likita ne ke rubuta magani, mai haɗa magunguna ne ke fitar da shi, amma ma'aikacin jinya ne ke tsaye a gefen gado a daidai lokacin da ƙwaya za ta shiga baki ko allura za ta shiga jijiya, kuma duk kuskuren da ya wuce shi ya riga ya isa jikin mutum.

Matsalar ba ta Saudiyya kaɗai ba ce. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na rage mummunar cutarwar da kuskuren magani ke jawowa da rabi cikin shekaru biyar, inda ta ƙiyasta cewa irin waɗannan kurakurai na laƙume kimanin dala biliyan 42 a duk shekara. Abin da ya bambanta halin Makka shi ne yadda zafi da gajiya da cunkoso da bambancin harshe suka taru a kan mutum ɗaya a lokaci ɗaya.

Akwai abubuwa uku da jama'a kan cakuɗa su wuri guda da cewa "maganin bai karɓe ni ba", alhali hukuncinsu a wurin ma'aikacin jinya ya sha bamban. Na farko shi ne illar da aka san magani da ita, wadda ke zuwa tare da amfaninsa, domin kowane allazi da nasa amanu. Ƙaiƙayin da kulorokwin ke sa wa baƙar fata da yawa yana cikin wannan rukuni, haka ma kumburin ƙafa da maganin hawan jini amlodifin kan kawo, da busasshen tarin da masu shan lisinofiril, shi ma na hawan jini, ke kuka da shi, da ɗacin baki na Flagyl. Irin wannan yana da damuwa, kuma yana iya sa likita ya sauya magani, amma ba shi ne ƙin jinin magani ba. Na biyu shi ne jiki ya ɗauki maganin a matsayin abokin gaba, ya fito da ƙuraje ko borin jini, leɓe da harshe su kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi cikin 'yan mintoci. Wannan na iya kisa nan take, kuma maganinsa na farko allurar adirenalin ce a naman cinya, rabin miligiram ga babban mutum, ba tare da jiran komai ba. Na uku kuma shi ne hani, wato wani yanayi da ke jikin mutum tun kafin a ba shi maganin, kamar juna biyu ko ciwon ƙoda ko asma ko gyambon ciki, wanda ya sa maganin da ke da amfani ga wani ya zama haɗari gare shi.

Muhimmancin rarrabe su a bayyane yake. Idan aka rubuta a katin Hajiya cewa jikinta yana ƙin fenisilin alhali tashin zuciya kawai ta taɓa yi, an rufe mata ƙofar magunguna masu kyau da arha, an tura ta ga waɗanda suka fi ƙarfi da illa. Idan kuma ta taɓa kumbura ta kasa numfashi amma aka ɗauki maganarta da wasa, sai a ba ta Augmentin, wanda shi ma dangin fenisilin ne duk da sunan bai nuna ba. Shi ya sa gogaggiyar ma'aikaciyar jinya ba ta tsayawa a kan amsar e ko a'a. Takan ce, "Hajiya, da kika sha me ya faru da ke? Bayan awa nawa? An kwantar da ke a asibiti?" Mutumin da ya ce fatarsa ta taɓa saɓulewa, bakinsa da idanunsa suka yi gyambo bayan ya sha Septrin ko Fansidar, ya ba da labarin ɗaya daga cikin mafi munin abin da magungunan salfa ke jawowa, kuma bai kamata ya sake kusantar danginsu ba har abada.

Yanzu mu zo ga ledar. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin karɓar marasa lafiya a lokacin Hajji ya san ta: baƙar leda ce ko ƙaramar jaka, a cikinta akwai sachet da aka yanyanka da almakashi har sunan maganin ya ɓace, da ƙwayoyi farare da ruwan ɗorawa da aka juye a robar da ba tasu ba don kada kwali ya cinye wuri a jaka, da wani ƙulli na garin magani da aka ɗaure da zare. Idan aka tambayi Baba Alhaji, sai ya ce wannan ƙaramin fari na hawan jini ne, dogon kuma na suga, ja ɗin kuwa ɗansa ne ya ce ya riƙa sha idan jiki ya yi tsami. Babu wani ma'aikacin jinya a duniya da zai iya gane magani da launinsa kaɗai, domin kamfanoni daban-daban na yin magani ɗaya da siffofi daban-daban. A nan ne haɗari na farko ke ɓuya, wato ninka magani ɗaya da sunaye biyu.

Farasitamol ne misali mafi sauƙi. A kantunan magani na Saudiyya, waɗanda mazauna ke kira saidaliyya, ana sayar da shi da sunan Panadol da Fevadol da Adol, kuma yana cikin mafi yawan haɗe-haɗen maganin mura. Iyakar abin da babban mutum mai lafiyar hanta zai sha a awa 24 shi ne giram 4, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma ga tsoho maras nauyi ko mai ciwon hanta iyakar ta yi ƙasa da haka. Alhajin da mura da tarin Makka suka kama zai iya shan wanda ya taho da shi daga gida, ya ƙara da wanda maƙwabcin ɗakinsa ya ba shi, ya kuma haɗa da maganin mura da daddare, yana ganin magunguna uku ya sha, alhali abu ɗaya yake ta zuba wa hantarsa. Abin da ya sa lamarin ya fi muni shi ne lalacewar hanta daga farasitamol ba ta nuna kanta a ranar farko. Ban da haka, magungunan buɗe hanci da ke cikin waɗannan haɗe-haɗe suna tayar da hawan jini, na hana atishawa kuma suna sa barci da jiri, suna kuma iya tsare fitsari ga dattijon da ke da kumburin mafitsara, ga shi kuwa gobe zai shiga turmutsutsun jifa.

Zafi shi ne ke sauya lissafin duka. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301. A irin wannan yanayi jiki na zubar da ruwa da gishiri ta gumi fiye da yadda mutum ke ji, kuma ƙoda ce ke fara ɗaukar nauyin. Sai a ɗauki dattijon da ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari, irin su Lasix ko Moduretic, yana kuma shan lisinofiril ko losatan, sannan gwiwoyinsa suka yi tsami bayan ɗawafi da sa'ayi ya sayi Brufen ko Voltaren. Kowanne daga cikin ukun yana da aikinsa, amma haɗuwarsu a jikin da ruwa ya ƙare masa hanya ce sananniya ta tsayar da ƙoda: na farko ya rage ruwan jiki, na biyu ya sassauta matsin da ƙoda ke tace jini da shi, na uku kuma ya matse jijiyar da ke kai mata jinin. Idan mutumin yana shan Glucophage saboda suga, matsalar ta ƙaru, domin ƙoda ce ke fitar da shi, kuma idan ta gaza yakan taru ya jawo tsamin jini mai haɗari. A ganina, magungunan ciwon jiki irin su Brufen da Voltaren su ne aka fi raina haɗarinsu a tsakanin alhazanmu, saboda ana samunsu cikin sauƙi kuma suna aiki da sauri. Ba su dace da mai gyambon ciki ba, ko mai ciwon ƙoda, ko mai raunin zuciya, ko mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, kuma sukan tayar wa wasu masu asma da ciwonsu. Don haka ma'aikacin jinya da ya ga an rubuta wa irin wannan dattijo ɗaya daga cikinsu, ya ga harshensa a bushe, ya ji ya ce tun safe bai yi fitsari ba, aikinsa ne ya dakata ya koma wurin likita kafin ya ba da shi. Dakatawar ba raini ba ce, wani sashe ne na aikin.

Masu ciwon suga na da nasu tarkon. Magunguna irin su Daonil da allurar insulin suna saukar da suga ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. A gida mutum na da lokacin cin abincinsa, amma a Mina da Muzdalifa abinci na iya makara, tafiya kuma ta ninka wadda ya saba, ga masu Umrar azumi kuwa yini guda babu ci babu sha. Sai suga ya faɗi ƙasa da 70 a ma'aunin da aka fi amfani da shi a Saudiyya, mutum ya fara rawar jiki da gumi mai sanyi da ruɗewa, waɗanda ke kusa da shi kuma su ɗauka rana ce ta buge shi. Idan yana cikin hayyacinsa, dabino biyu ko uku ko rabin kofin lemo mai suga sukan farfaɗo da shi, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, ko da ruwan Zamzam ne, domin zai iya shiga huhu. Wasu magungunan zuciya irin su atenolol suna ɓoye bugun zuciya da rawar jikin da ke faɗakar da mutum cewa sugansa ya faɗi, abin da ya sa tilas a riƙa auna irin waɗannan majinyata ba tare da jiran su yi ƙorafi ba. Ita kanta insulin ɗin zafi na lalata ta. Wadda ba a buɗe ba wurinta firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda ake amfani da ita kuma ba ta jure zaman jaka a cikin motar da ta tsaya a rana.

Akwai wani magani da mata ke sha a kowace shekara ba tare da an cika tattauna shi a fili ba, wato ƙwayar jinkirta al'ada, wadda aka fi sani da Primolut N. Dalilin shanta a fahimce yake, domin babu macen da ke son ta yi tanadin shekaru sannan ɗawafi ya gagare ta. Amma ba kowace mace ya dace ta sha ba. Wadda ta taɓa samun daskarewar jini a ƙafa ko a huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta mai tsanani, ko sankarar nono, ko wadda ake zaton tana da ciki, duk suna cikin waɗanda aka hana ko kuma sai da shawarar likita, musamman da yake doguwar zama a jirgi da ƙarancin ruwan jiki su ma suna taimaka wa daskarewar jini. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayar na yawo daga hannu zuwa hannu a ɗakin mata, kuma kunya na hana a ambace ta idan ma'aikacin namiji ne. Matar da ta zo da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko numfashinta ya ɗauke ba zato, dole a keɓe da ita a tambaye ta wannan, kuma ya fi kyau mace ce za ta yi tambayar. Haka ma tambayar juna biyu ba a tsallake ta don ganin shekaru ko don nauyin baki, tunda lisinofiril da losatan da warfarin duk suna cutar da ɗan da ke ciki.

Magungunan gargajiya da na Islama su ma suna cikin lissafi, kuma majinyaci ba zai faɗe su ba sai an tambaye shi cikin mutunci, domin a wurinsa ba su cikin abin da asibiti ke nufi da magani. Sanamaki, wanda ake saye da yawa a kasuwannin Makka da Madina don wanke ciki, yana zubar da ruwa da sinadarin fotasiyam, kuma ga mai shan maganin sa fitsari ko maganin zuciya digoksin wannan na iya hargitsa bugun zuciya. Wanda ya yi wa majinyaci tsawa a kan ƙullin garinsa ya yi asarar bayanin da yake buƙata, domin gobe za a ci gaba da sha, sai dai a ɓoye a ƙarƙashin matashi. Sai kuma wani rauni na gado da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira ƙarancin G6PD, da ke da yawa a Afirka ta Yamma da kuma gabashin Saudiyya. Mai shi lafiyarsa ƙalau har ranar da ya sha wasu magunguna, kamar firimakwin na zazzaɓin cizon sauro ko naitirofurantoyin na ciwon fitsari, sai jininsa ya fara fashewa, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi mai kauri.

Ƙa'idojin da ake koya wa kowane ɗalibin jinya gajeru ne: a tabbatar da majinyacin, da maganin, da adadin, da hanyar bayarwa, da lokacin, sannan a rubuta bayan an bayar ba kafin ba. A takarda abin kamar wasa, amma a ɗakin da mutum huɗu ke amsa sunan Muhammad, kowannensu sanye da farin harami iri ɗaya, na farkon ma kaɗai aiki ne. Dattijon da bai ji abin da aka faɗa ba zai amsa "na'am" ga kowane suna don girmamawa. Saboda haka ba a tambayar mutum "kai ne wane?", sai dai a ce ya faɗi sunansa da bakinsa, a kuma gwada da abin da ke rubuce a awarwaron hannunsa da lambar katinsa, ba da lambar gado ba. Wasu magunguna kuma, irin su insulin da heparin mai tsinka jini da mofin mai kashe raɗaɗi da ruwan fotasiyam mai kauri, ana buƙatar ma'aikata biyu su duba su kowa da idonsa kafin a bayar, kuma fotasiyam ɗin ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya ba tare da an sirka shi ba, domin yana tsayar da zuciya.

Harshe shi ne babban gibin. Ma'aikatan jinya da yawa a asibitocin Saudiyya 'yan Filifin ne da Indiya, suna rubutu da Turanci, suna magana da majinyata da Larabcin aiki, shi kuwa alhajin ƙauye ba ya jin ko ɗaya. Hausawa mazauna, musamman matasan da aka haifa a can, su ne kan zama tafinta, kuma suna yin babban taimako. Sai dai tafintan da ba a horar ba yakan taƙaita, ya mayar da dogon bayanin Hajiya zuwa "ta ce cikinta ne ke ciwo", ko ya ji nauyin fassara tambayar da ta shafi al'ada ko fitsari ga sa'ar kakarsa. Har lambobi ma suna da nasu ruɗani, domin a rubutun Larabci biyar tana kama da sifilin boko, sifili kuma ɗigo ne kawai, don haka wanda ya saba da boko zai iya karanta adadin da ke jikin kwali ba daidai ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce a sa majinyaci ko mai jinyarsa ya maimaita bayanin da bakinsa, ya nuna ƙwayar da zai sha da safe da wadda zai sha da dare. Ɗaura lokutan shan magani a kan salloli yana taimakawa ƙwarai ga na sau ɗaya ko sau biyu a rana, amma ga wanda ake sha duk bayan awa 8 sai an yi hattara, saboda tazarar Azahar da La'asar da Magariba ba ta kai haka ba.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta tsaurara hana sayar da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba, abin da ke ba wa alhazan da suka saba sayensu a kemis mamaki, duk da cewa mafi yawan mura da tarin Hajji ba sa buƙatar su. Tiramadol da kodin da magungunan barci kuwa suna ƙarƙashin tsauraran dokoki, kuma wanda likita ya ɗora shi a kansu dole ya riƙe takardar likita da rahoton ciwonsa, su kuma kasance a kwalinsu na asali. Wannan tsoron hukuma yana da wani sakamako a gefen gado: majinyaci kan ɓoye cewa yana shan irin waɗannan, sai a ƙara masa wani mai danne numfashi a kai, ko kuma a yanke masa su farat ɗaya jikinsa ya rikice. Ana rage wannan ne idan ma'aikacin jinya ya bayyana masa tun farko cewa tambayar don lafiyarsa ake yin ta.

Idan illa ta auku, ko aka yi kuskure, ko ma aka kusa yi aka gano da wuri, ana rubuta rahoto. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Saudiyya tana da cibiyar da ke tattara rahotannin illolin magani daga ma'aikata da ma jama'ar gari, kuma Ma'aikatar Lafiya na da layin 937 da ake kira don neman shawarar likita. Ga alhajin da za a sallama kuwa, abin da ya fi yi masa amfani shi ne takarda guda mai ɗauke da ainihin sunan kowane magani, ba sunan kamfani kaɗai ba, da adadinsa, da wanda aka dakatar da dalilin dakatarwar, da duk wanda jikinsa ya ƙi. Idan an sauya masa maganin hawan jini a Makka, tilas a ware tsohon daga ledar a gabansa a gaya masa ya ajiye shi, in ba haka ba zai koma masauki ya haɗa sabon da tsohon yana sha, kuma likitansa na Kano ko Zinder ba zai san an yi wani sauyi ba sai ya ga takardar.